Tambayoyi da Amsoshi kan Kuzarin da Abinci ke Bayarwa da Karanta Jadawalin Jikin Kwali

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi maimaituwa a bakin masu ciwon sukari da masu hawan jini, da iyaye masu saya wa yara abin tafiya makaranta, da waɗanda likita ya umarta su rage ƙiba ko su ƙara. An fara da abin da ke faruwa a cikin jiki, sannan aka gangaro kan rubutun da ke jikin kwali da gwangwani da leda, domin alƙaluman ba sa amfanar wanda bai san abin da suke aunawa ba.

1. Ta yaya tuwon da aka ci yake komawa ƙarfin da ake aiki da shi?

Aikin yana farawa tun daga baki. A cikin miyau akwai sinadarin da ke fara farfasa sitacin hatsi, shi ya sa wanda ya daɗe yana tauna burodi gaya yakan fara jin ɗan zaƙi a harshensa. Ciki yana dama abincin da ruwa mai tsami, ya fara sarrafa furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin irin su nama da wake, sannan ya riƙa tura shi kaɗan-kaɗan zuwa ƙaramin hanji, inda ake yin mafi yawan aikin. A can ne sitaci yake komawa sukari mai sauƙi da ake kira gulukos, furotin ya rarrabu zuwa ƙananan sassansa, mai kuma ya tsinke da taimakon ruwan matsarmama, sannan duk su ratsa bangon hanji su shiga jiki.

Jini ne ke kai gulukos ga kowace ƙwayar halitta. A cikin ƙwayar akwai wasu ƙananan sassa da ke haɗa abincin da iskar oksijin da huhu ya shaƙo, su ɗaure kuzarin da ya fito a cikin wani sinadari mai suna ATP, wanda shi ne tsoka ke kashewa idan za ta motsa, haka ma zuciya da ƙwaƙwalwa. Abin da ke saura bayan wannan aiki ruwa ne da gurɓatacciyar iskar da ake fitarwa da numfashi. Wannan ne dalilin da ya sa mai daka a turmi ko mai turin baro yake haki: tsokarsa ce ke neman ƙarin oksijin domin ta ci gaba da ƙona abin da ya ci.

2. Mene ne kalori, kuma me ya sa ake rubuta lambobi biyu a gaban kuzari?

Kalori ma'aunin kuzari ne, kamar yadda gram yake ma'aunin nauyi. Wanda ake nufi a zancen abinci shi ne kilokalori, ana taƙaita shi da kcal, kuma shi ne yawan zafin da zai ɗaga ɗumin ruwa kilo ɗaya da digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyos. Ɗaya lambar, mai kJ a gabanta, kilojul ce, kuma kcal ɗaya daidai yake da kJ 4.184. Saboda haka idan aka ga kJ 840 da kcal 200 a layi ɗaya, abu guda aka faɗa da ma'auni biyu. Mutane da yawa suna tsorata da babbar lambar ba gaira ba dalili. A duba ƙaramar kawai, ita ce likitoci suka fi amfani da ita.

3. Wane irin abinci ne ya fi ba da kuzari?

Abubuwa uku ne ke ba da kuzari a abincin yau da kullum. Kabohaidiret, wato sitaci da sukari, yana ba da kimanin kcal 4 a kowane gram. Furotin ma 4. Mai ko kitse kuwa 9. Waɗannan alƙaluma sun samo asali ne daga aikin wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Wilbur Atwater, a ƙarshen ƙarni na 19, kuma har yau da su kamfanoni ke lissafa abin da suke bugawa a kwali.

Da yake mai ya ninka sauran fiye da sau biyu, abinci kaɗan mai maiƙo yana iya ɗauke da kuzarin da ya zarce na babban malmalar tuwo. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kusan kcal 120, alhali dafaffen ƙwai guda bai wuce 70 zuwa 80 ba. Gyaɗa gram 100 ta haura kcal 550. Ruwa kuma yana sauya lissafi sosai, domin ba shi da kalori ko ɗaya: ɗanyar shinkafa gram 100 tana da kimanin kcal 360, amma idan ta dahu ta sha ruwa, gram 100 ɗinta yakan sauko wajen 130. Wannan ne ya sa kunu tsararo yake cika cikin yaro ba tare da ya ƙosar da buƙatarsa ba, kuma shi ya sa ake ba iyaye shawarar ƙara gyaɗa ko waken soya ko ɗan mai a ciki. Abincin nan na gyaɗa da ake ba yara masu tamowa a asibitocin Nijar da arewacin Nijeriya an gina shi ne a kan wannan hikima: leda ɗaya gram 92 ce kacal, amma tana ɗauke da kcal 500.

4. To bitamin da maganin ƙarin jini fa, ba su ne ke ba da ƙarfi ba?

Ba su da kalori, don haka su kansu ba sa ba da kuzari. Aikinsu shi ne taimaka wa jiki ya iya amfani da wanda ke cikin abinci. Bitamin na rukunin B suna cikin sinadaran da ƙwayar halitta ke aiki da su wajen fitar da kuzari daga gulukos, sinadarin ƙarfe kuma shi ke ba jini ikon ɗaukar oksijin ɗin da aka ambata a amsa ta 1. Mace mai ƙarancin jini tana iya cin tuwo ta ƙoshi amma ta wuni a gajiye, domin abincin yana nan, abin kai masa iska ne ya gaza. Irin wannan gajiya ba a magance ta da lemun ƙara kuzari na gwangwani, wanda galibinsa sukari ne da kafeyin, sinadarin da ke hana jin barci. Gwajin jini take buƙata.

5. Ina kuzarin da ba a yi amfani da shi ba yake zuwa, kuma da me jiki ke aiki a lokacin azumi?

Idan sukari ya ƙaru a jini bayan cin abinci, wata gaɓa da ke bayan ciki tana sakin insulin, wanda ke buɗe wa gulukos hanyar shiga ƙwayoyin halitta. Abin da ya yi rara ana ɗaure shi a hanta da tsoka a matsayin gilaikojin, kimanin gram 100 a hanta da wajen gram 400 a tsokar babban mutum. Idan waɗannan wurare suka cika, sauran ya koma kitse. Ana iya cewa gilaikojin cefanen yini ne, kitse kuma rumbu: na farko yana kusa da hannu amma ba ya daɗewa, na biyu kuwa kilo ɗaya nasa yana riƙe da kusan kcal 7,700.

Mai azumi yana fara cin abin da ya yi sahur da shi, sannan hanta ta riƙa sakin ajiyarta domin kada sukarin jini ya faɗi, musamman saboda ƙwaƙwalwa, wadda ita kaɗai take cinye kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin jiki a lokacin hutu. Yayin da yini ke nisa, jiki yana ƙara dogaro da kitse. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin lamarinsa daban ne, domin maganin na iya sauke sukarinsa fiye da kima, don haka ya tuntuɓi likitansa tun kafin watan ya kama.

6. Kalori nawa mutum yake buƙata a rana?

Babu lamba ɗaya da ta dace da kowa. Ana yawan ambaton kcal 2,000 ga mace da 2,500 ga namiji a matsayin tsaka-tsaki, amma manomi a lokacin huɗa ko mai aikin gini yana iya haura 3,000, mai shayarwa tana buƙatar ƙarin kimanin 500 a kan na kullum, tsoho mai yawan zama kuma yana buƙatar ƙasa da haka. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, kusan kashi biyu cikin uku na kuzarin mai aikin zama yana tafiya ne a bugun zuciya da numfashi da ɗumin jiki da aikin hanta da ƙoda, ko da zai wuni a kwance. Kason da ake bugawa a gefen jadawali da alamar % an lissafa shi ne bisa kcal 2,000, saboda haka bai dace a auna abincin ƙaramin yaro da shi ba.

7. Me ya sa wani abinci ke riƙe ciki, wani kuma yunwa ta dawo nan da nan?

Bambancin yana cikin saurin narkewa. Farin burodi da shayi mai sukari suna shiga jini da sauri, sukari ya hau, insulin ya sauke shi, kafin azahar ciki ya fara kuka. Wake da ɗanwake da alale da tuwon dawa ko geron da ba a surfe shi fes ba suna tafiya a hankali, saboda furotin da faiba, wato ɓangaren hatsi da ganye da hanji ba ya iya narkarwa. Faranti biyu na iya zama daidai a kalori amma su bambanta nesa ba kusa ba a abin da suke yi wa sukarin jini, kuma wannan shi ne abin da mai ciwon sukari ya fi buƙatar ya gane.

8. Daga ina ya kamata a fara karanta jadawalin?

Daga saman ginshiƙi, inda aka faɗi yawan abincin da alƙaluman ke magana a kansa. Wannan layi shi ne aka fi tsallakewa, kuma a ganina ya fi duk sauran muhimmanci. Galibi ginshiƙai biyu ne: ɗaya na gram 100 ko mililita 100, ɗaya kuma na ci ɗaya, wanda kamfani ne da kansa ya yanke yawansa. Na gram 100 shi ake amfani da shi wajen gwada kaya biyu, domin ma'auninsu ɗaya. Na ci ɗaya kuwa sai an bi shi da hattara, saboda sau da yawa ya gaza abin da mutum ke ci a zama guda.

A ɗauki misalin ledar biskit mai nauyin gram 75 da aka rubuta cewa ci ɗaya gram 25 ne, mai kcal 120. Babu yaron da zai ci sulusin leda ya naɗe sauran ya ajiye sai gobe. Idan ya cinye, ci uku ya yi, wato kcal 360, kuma haka za a ninka sukari da mai da gishiri sau uku. Ana ma iya tabbatar da lissafin kamfanin da alƙaluman amsa ta 3. Idan ginshiƙin gram 100 ya nuna mai gram 20, kabohaidiret 68, furotin 7, sai a ninka 20 sau 9 a sami 180, a ninka 68 sau 4 a sami 272, a ninka 7 sau 4 a sami 28, jimilla 480. Idan abin da aka buga ya yi nisa ƙwarai da wannan, akwai dalilin yin shakka a kan kwalin gaba ɗaya.

9. Kwalayen da Turanci ko Faransanci aka rubuta su. Waɗanne kalmomi za a nema?

A kayan Nijeriya da Gana za a ga "Energy" a layin kuzari, "Fat" a na mai, "Carbohydrate" a na sitaci da sukari a haɗe, "Protein" a na furotin, sai "Salt" ko "Sodium" a na gishiri, ci ɗaya kuma shi ne "serving". A kayan da ke yawo a Nijar da Kamaru da Cadi, layukan su ne "Énergie" ko "Valeur énergétique", "Matières grasses", "Glucides", "Protéines" da "Sel". Layin da aka ɗan tura ciki, wanda ya fara da "of which" ko "dont", yana nuna wani ɓangare ne na layin da ke samansa, don haka ba a tara su biyun. Idan kabohaidiret 68 ne, sukari a ƙarƙashinsa 25, to 25 ɗin yana cikin 68.

10. Ta yaya za a san sukarin da ke cikin abu ya yi yawa?

Hanya mafi sauƙi ita ce a raba gram ɗin sukari gida huɗu, abin da ya fito shi ne adadin cokalin shayi. Idan jadawalin lemun kwalba ya nuna gram 10.6 a mililita 100, kuma kwalbar rabin lita ce, sai a ninka sau biyar a sami gram 53, wato cokali 13 da ɗoriya, kusan kcal 210 da ba sa kashe yunwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin yini, kimanin gram 50 ke nan ga mai cin kcal 2,000, kuma ta ce sauko da shi zuwa rabin haka ya fi. Kwalba ɗaya ta riga ta cinye kason yinin, tun ba a zo kan koko da shayi da zoɓo ba. Wannan damuwa tana cikin dalilan da suka sa dokar kuɗi ta Nijeriya ta 2021 ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka.

Zuma da ruwan 'ya'yan itace na kwali suna cikin wannan lissafi, ko da an rubuta cewa ba a ƙara sukari ba. Sukarin da ke cikin madara tun asali da wanda ke cikin lemu ko mangwaron da aka ci ba tare da an matse ruwansa ba ba sa ciki. Ga mai son ma'auni na gaggawa, tsarin da ake bi a Birtaniya yana ɗaukar abinci mai sukari fiye da gram 22.5 a cikin gram 100 a matsayin mai yawa, gram 5 zuwa ƙasa kuma kaɗan.

11. Wani kwali ya ce gishiri, wani ya ce sodiyam. Ɗaya suke?

Sodiyam wani ɓangare ne na gishiri, kuma shi ne mai alaƙa da hawan jini. Idan sodiyam aka rubuta, a ninka shi sau biyu da rabi a sami gishiri. Taliyar leda da ta nuna miligram 1,200 na sodiyam tana da gishiri miligram 3,000, gram 3 ke nan, fiye da rabin iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa babban mutum, wato ƙasa da gram 5 a yini, kimanin cokalin shayi guda. Mafi yawan gishirin taliyar yana cikin ƙaramar ledar kayan ɗanɗano, don haka zuba rabinta yana rage shi sosai.

Dunƙulen magi kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Uwargidan da ta daina zuba gishiri saboda hawan jinin maigida amma ta ƙara dunƙule biyu a tukunya ba ta rage komai ba. Kanwa ma tana da sodiyam, ko da yake ba ta zuwa da jadawali.

12. Me ya sa ake raba mai gida-gida a jadawali?

Domin duk da cewa kowane mai kcal 9 yake bayarwa, ba ɗaya suke ba a wajen jijiyoyin jini. Layin da ke ƙarƙashin mai yana nuna nau'in da ke daskarewa, wanda ya fi yawa a man shanu da kitsen nama da manja da man kwakwa, kuma ana so kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin yini. Wanda ya fi shi illa shi ne mai lakabin "trans", da ke samuwa idan masana'anta ta daskarar da man tsirrai. Duk inda aka ga "partially hydrogenated" a jerin kayan haɗi, gara a mayar da kayan kan kanta. Rubutun nan na "babu kolestarol" (wani nau'in maiƙo da ke yawo a jini) da ake ƙawata galan ɗin mai da shi gaskiya ne, amma ba abin yabo ba ne, domin babu man tsiron da ke da kolestarol na a zo a gani tun farko, kuma kalorinsa na nan yadda amsa ta 3 ta faɗa.

13. Mene ne amfanin jerin kayan haɗi tunda ga jadawali?

Jerin yana faɗin abin da jadawali ya ɓoye. Ƙa'ida ita ce a jero kayan daga mafi nauyi zuwa mafi ƙanƙanta, saboda haka garin shayin da sukari ya zo farko a jerinsa, to sukari ne aka fi sayar wa mutum. Madarar gari misali ce mai kyau: wata cikakkiyar madara ce, wata kuma an cire mata man shanunta an mayar da man tsirrai, ana rubuta mata "filled", wata ma ba madara ba ce, farin garin haɗa shayi ne kawai mai ƙarancin furotin. A ido duk fari ne, a jerin kayan haɗi da layin furotin ne bambancin ke fitowa, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke maye gurbin nonon uwa ga jariri. A nan ne kuma mai rashin jituwa da gyaɗa ko alkama ko ƙwai zai ga gargaɗinsa.

14. Lambar NAFDAC da kwanan wata da alamar ido fa?

Lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna da aka kafa a 1993, tana nuna cewa an yi wa kayan rajista a Nijeriya. Ba ta nufin abin yana da amfani ga mai ciwon sukari ko mai hawan jini; lemun da aka lissafa a amsa ta 10 ma yana da tasa lambar. Alamar ido da ake gani a jikin man girki da sukari da fulawa tana nuna an ƙara musu bitamin A, kamar yadda ake ƙara aidin a gishiri domin rigakafin maƙoƙo.

Kwanan wata iri biyu ne. "Best before" yana nufin bayan ranar ɗanɗano da inganci na iya raguwa, "use by" ko "expiry" kuwa iyakar amfani ce, kada a ƙetare ta, musamman a madara da abincin jarirai. Kayan Amurka sukan fara rubuta wata kafin rana, don haka 03/08 a wurinsu 8 ga Maris ne. Kuma kwanan watan yana aiki ne idan an adana kayan yadda aka ce. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa a bakinsa ba a cin abin cikinsa ko da wa'adinsa da saura.

15. Yawancin abincinmu a mudu ake auno shi, ba shi da kwali. Yaya za a yi?

Da abin da ke cikin amsa ta 3 da ta 7 ana iya kimantawa ba tare da jadawali ba. Busasshen hatsi, ko gero ne ko dawa ko masara ko shinkafa, duk suna tsakanin kcal 340 zuwa 380 a gram 100, busasshen wake ma kusan haka, sai dai shi kusan rubu'insa furotin ne. Saboda haka abin da ke bambanta faranti da faranti galibi abu uku ne: girman rabon, yawan man da ya shiga, da sukarin da aka zuba. Ƙosai da alale daga wake ɗaya suka fito, amma ƙosai ya sha mai a kasko. Fura da nono ba ta da laifi, cokulan sukarin da ake ƙarawa ne ke sauya ta. Mai girkin da ke son sanin abin da iyalinta ke ci za ta iya auna man miya da cokali maimakon tuttulawa daga galan, ta ninka adadin cokulan sau 120, sannan ta raba da yawan masu cin tukunyar.